Daga Edale zuwa Crowden a yini ɗaya: amsa ga ɗalibin da ya raina mita 636

Wani ɗalibi da ke karatu a Manchesta ya aiko da tambaya kamar haka: "Malam, watana bakwai ke nan a Ingila. Ni da abokaina biyu muna son mu yi zangon farko na doguwar hanyar tafiyar ƙafa ta Pennine Way, daga Edale zuwa Crowden, a yini ɗaya, ranar Asabar ta ƙarshen watan Oktoba. Muna buga ƙwallo duk mako, kuma na duba na ga dutsen ma mita 636 ne kawai, ko Jos ta fi shi tsayi. Me ya kamata mu shirya?"

Ƙanina, sannu da himma. Za ku iya in Allah ya yarda, amma ba don dalilan da ka lissafa ba. Wannan "kawai" da ka liƙa wa mita 636 ita ce ta fi ba ni tsoro a duk tambayarka. Gaskiya ne Jos na zaune a kan tudun da ya kusan ninka Kinder Scout, dutsen da kake nufi, kuma mutum na yawonsa a can da silifas. To amma Jos rana na dukanta duk shekara. Kinder kuwa shi ne babban tudun da iskar teku ta yamma ke fara cin karo da shi bayan ta ratsa filayen da ke kewaye da Manchesta, sai ta juye masa ruwan da ta ɗauko. A samansa babu bishiya, babu bukka, babu shago, babu inda za ka raɓe. Na shekara da shekaru ina kai mutane wannan hanya, kuma waɗanda na fi sa wa ido su ne samari masu ƙarfi irinku, domin ƙarfin ne ke kai su can tsakiya inda komawa da ci gaba duk suka zama ɗaya.

Hanyar gaba ɗayanta mil 268 ce, wato kimanin kilomita 430, daga Edale har Kirk Yetholm a cikin Sikotlan, kuma an buɗe ta ranar 24 ga Afrilun 1965. Zangon da kuka zaɓa mil 16 ne, kimanin kilomita 26, da hawan da in an tara shi zai kai tsakanin mita 750 da 900, gwargwadon na'urar da ta auna. Tuddai biyu ne za ku ƙetare, Kinder Scout da Bleaklow, kuma titin mota guda ɗaya tak ya ratsa tsakaninsu, shi ne A57, wanda aka fi sani da Snake Pass. Ka riƙe sunan titin nan, don duk shirinku a kansa zai rataya.

Mu fara daga ƙarshe, yadda za ku koma gida, don nan ne mutane suka fi yin sake. Zuwa Edale ba wahala: jirgin ƙasa da ke zirga-zirga tsakanin Manchesta da Sheffield yana tsayawa a can, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba daga tashar Piccadilly ta Manchesta. Crowden fa? Crowden 'yan gidaje ne da filin kafa tanti a bakin titin A628, inda manyan motoci ke wucewa da gudu. Babu tashar jirgi. Mutum ya iso nan magariba, ƙafa ta yi tsami, kaya sun jiƙe, waya saura kashi huɗu, sannan ya fara tunanin mota, wannan shi ake kira fafe gora ranar tafiya. Ko dai ku shirya da wanda zai zo ya ɗauke ku, ku faɗa masa wuri da lokaci tun jiya, ko kuma ku yi abin da ni nake yi: kada ku je Crowden ɗin ma. Idan kun sauko daga Bleaklow zuwa Torside, kafin ku haye madatsar ruwa, za ku tarar da wata shimfiɗaɗɗiyar hanya da ake kira Longdendale Trail, tsohon layin dogo ne na Woodhead da aka rufe a 1981. Ku bi ta hagu, kilomita 4 zuwa 5, za ta kai ku tashar Hadfield, inda jirgi ke tafiya Piccadilly kai tsaye. Tafiyar ta ƙaru da kamar kilomita biyu, amma ƙarin a kan hanya ce miƙaƙƙiya wadda ko da tocila za a bi ta lafiya. Idan ran wani a cikinku ya nace sai ya taka Crowden don a ce ya gama zangon, to ya san zai dawo da baya.

Sai lissafin lokaci. Akwai tsohon ma'auni da wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotlan, William Naismith, ya kafa a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. In ka ɗora zangonku a kai, zai ba ka awa shida da rabi ko ɗan fiye. Kada ka yarda da wannan adadi. Ma'aunin bai san laka ba, bai san tsayawa cin abinci ba, bai san abokinka zai tsaya ɗaukar hoto sau arba'in ba, kuma bai san ƙafar da ta yi kilomita 18 ba ta tafiya irin ta wadda ta yi biyu. Mutane uku da ba su taɓa bin hanyar ba su ƙiyasta awa takwas zuwa tara har Torside ko Crowden, da ƙarin awa guda in Hadfield za su nufa.

Yanzu ɗauko kalanda. A ƙarshen Oktoba rana na fitowa kusan ƙarfe 8 ta faɗi wajen 6 saura kwata, muddin ba a mayar da agogo baya ba. Ana mayar da shi ne ranar Lahadin ƙarshe ta watan, kuma wata shekarar Asabar ɗin ƙarshe takan faɗo bayan wannan Lahadin. In haka ta kasance, rana za ta faɗi tun kafin ƙarfe 5 saura kwata. Tsawon yinin bai canja sosai ba, amma jirgin da zai kawo ku Edale agogo yake bi, ba rana ba, don haka awa guda ta haske za ta wuce kuna kan kujerar jirgi, ku kuma ku biya bashinta da yamma a kan Bleaklow. Da ni ne da na matso da tafiyar farkon Oktoba, ko na bari sai Mayu ko Yuni, lokacin da rana ke kaiwa bayan ƙarfe 9 na dare ba ta faɗi ba. In kuwa ranar nan ce kaɗai kuke da ita, to ku hau jirgin da zai sa ƙafarku a kan hanya ƙarfe 8 ko kafin nan. Ku duba jadawalin daren Juma'a, domin aikin gyaran dogo ya fi faɗowa a ƙarshen mako.

Hanyar tana farawa daga gaban wani tsohon gidan shaƙatawa mai suna Old Nags Head, a saman ƙauyen. Alamarta ɗan hoton ƙwallon itace ne mai hula, za ku riƙa ganinsa a jikin ƙyaure da turaku. Kilomita huɗun farko gonaki ne da tumaki, ta Upper Booth, hanya mai daɗi da ke ruɗin mutum ya saki ƙafa. Ku riƙe kanku. Bayan wata 'yar gadar dutse ta zamanin fatake sai Jacob's Ladder, matakalar duwatsu da ke miƙewa tsaye, nan ne zufa za ta fara. Ku cire riga ɗaya tun a gindinta, kada ku bari sai kun jiƙe da gumi, domin gumin da kuka tara a nan shi zai zame muku ƙanƙara da zarar kun leƙa sama iska ta same ku. Daga nan sai Kinder Low, inda wani farin ginshiƙi ke zaune a kan dutse, mita 633. Ainihin ƙololuwar, mai 636 ɗin da ka ambata, tana can gefe cikin laka, hanya ba ta bi ta kanta, kuma ba abin da za ka gani a wurin da ya cancanci jiƙa safa.

Daga Kinder Low kuna bin bakin tudu ne, gangare na hagunku, har Kinder Downfall, inda ruwa ke zubowa daga tsayin mita 30. Ranar da iskar yamma ta yi ƙarfi ruwan ba ya kai ƙasa, iska ce ke ɗaga shi ta watso shi sama kamar hayaƙi. Na taɓa tsayawa a wurin sama tas babu gajimare, amma fuskata da gilashina sharkaf, ruwan da ya kamata ya gangara ƙauyen Hayfield ne ke dawowa kaina. Wuri ne mai kyau na karya kumallo na biyu, akwai manyan duwatsun da za a fake a bayansu. Wannan gefen tudun ne kuma ɗaruruwan ma'aikata daga Manchesta suka hau da gangan ranar 24 ga Afrilun 1932, lokacin da masu ƙasa suka killace shi don farautar tsuntsaye, har aka ɗaure biyar daga cikinsu. 'Yancin da kai baƙo za ka taka wurin yau ba wanda ya ce maka kanzil, da guminsu a ciki.

Bayan Downfall hanya na karkata arewa maso yamma, ta sauka wani gangare mai tsini zuwa Ashop Head, inda wata hanyar ta gitta ta. Hagu a nan ita ce mafitarku ta farko: William Clough, ta gangara Hayfield, inda ake samun bas. In wani ya fara ɗingishi ko sama ta ɓaci tun yanzu, ku bi ta. In lafiya, ku miƙe ku hau Mill Hill, kuma a kansa ku juya dama. Na nanata dama, domin akwai hanyar da ta miƙe gaba wadda ita ma an shimfiɗa mata duwatsu, kuma cikin hazo mutane da yawa sun bi ta sun tsinci kansu a wani titin daban. Daga Mill Hill zuwa Snake Pass kilomita huɗu ne a kan fale-falen duwatsu da aka jera bisa fadama. Da yawansu daga daɓen tsofaffin masaƙun da aka rushe aka kwaso su, jirgi mai saukar ungulu ya sauke su a nan. Suna sa tafiya sauri, amma in sun jiƙe ko raɓa ta daskare a kansu santsi gare su kamar sabulu, kuma kowane gefe laka ce da ba ka san zurfinta ba.

To, kun iso titin A57, kilomita 15 a bayanku. A nan nake so ku tsaya, ku zauna, ku dubi agogo, ku dubi sama, ku dubi fuskar juna. Ƙa'idata ita ce: in saura ƙasa da awa huɗu rana ta faɗi, ba a hawa Bleaklow. Wato wajen ƙarfe 1 da rabi in ba a canja agogo ba, 12 da rabi in an canja. Haka in hazo ya rufe tudun da ke gabanku alhali babu wanda ya iya kamfas a cikinku, ko in ɗayanku ya yi shiru irin shirun da ba halinsa ba. Ku yanke wannan lokaci tun a ɗaki, ku rubuta shi a gefen taswira, ku yi alkawari a kai. Dalili kuwa, hukuncin da za ku yanke a bakin titin, bayan tafiyar awa biyar, gajiya da girman kai ne za su yanke muku shi. Babu mai son ya zama shi ne ya ce a koma, musamman mu da aka raine mu da cewa namiji ba ya raki. Agogo ba ya jin kunya, ku bar shi ya yi maganar.

Kuma fasawar ba komawa Edale ba ce. 'Yan ɗaruruwan mitoci bayan kun tsallaka titin, wata tsohuwar hanya mai suna Doctor's Gate ta gitta taku. Ku bi ta hagu, ta gangara kwari har Old Glossop, kimanin kilomita 7 zuwa tashar jirgin Glossop, daga nan sai Piccadilly. Wanda ya yi Edale zuwa Glossop ya yi kilomita 22 a kan tudu, ba wanda zai ce masa rago. Kada dai ku bi bakin kwaltar Snake Pass da ƙafa, kwana-kwana ce, babu gefen masu tafiya.

Bleaklow shi ne dalilin duk wannan dogon bayani. Tsayinsa mita 633, daga titi zuwa kansa bai wuce kilomita huɗu ba, kuma hawan ba shi da tsini ko kaɗan. Matsalarsa ƙasar ce. Baƙar ƙasa ce ta ruɓaɓɓun ciyayi da ta taru shekaru dubbai, tana riƙe ruwa kamar soso, ruwan sama kuma ya yayyanka ta ya bar kwazazzabai masu karkacewa, wasu sun fi tsayin mutum. Hanyar na shiga cikinsu, ta Devil's Dike sannan Hern Clough, wani wurin ma ƙoramar ce hanyar. Kana ciki ba ka ganin komai sai baƙin bango dama da hagu da ɗan tsirin sama, ruwa na bin ƙafarka ja kamar shayin da ba madara. In ka fito sama, kowace kwazazzaba kamar 'yar'uwarta. Akwai 'yan duwatsu da aka kakkafa da kibiya a jikinsu, amma gajeru ne, cikin hazo sai ka wuce ɗaya da taku biyar ba ka gan shi ba.

Zuwana na biyu wurin, ina ganin na san hanya, hazo ya sauko mini tsakanin Hern Clough da ƙololuwa. Taswira na cikin jaka, kamfas na cikin jaka, na ce ai 'yar tazara ce. Na yi minti arba'in ina tafiya da ƙarfin zuciya, sai na ga sawun takalmi sabo a laka, na yi hamdala na ce ga mutane a gaba. Na ɗora ƙafata a kan sawun, ya zauna daram. Nawa ne. Da'ira na yi ban sani ba. Kafin na gama jin kunyar wannan, ƙafar dama ta nutse har cinya, na zaro ta da ƙyar, takalmin ya so ya zauna a ciki. Tun ranar kamfas a wuyana yake kwana in ina kan Bleaklow, ko da rana tsaka.

Kan tudun tulin duwatsu ne da sanda a tsakiya, sai wasu duwatsu biyu can gefe, Wain Stones, masu kama da fuskoki biyu da ke shirin sumbatar juna. Daga tulin hanyar na fita ta arewa sannan ta karkata yamma ta bi ƙoramar Wildboar Grain. Ku saita kamfas kafin ku ɗaga ƙafa daga wurin, domin sawaye sun fita ta kowace kusurwa. Wani zai ba ku labarin tarkacen jirgin yaƙin Amurka da ya faɗi a Higher Shelf Stones ranar 3 ga Nuwamban 1948, mutum 13 suka mutu, kuma har yau ƙarafunansa na warwatse a wurin. Gaskiya ne, kuma bai yi nisa da hanya ba, amma ba na ranar nan ba ne. Ku ware masa wata Asabar ɗin daga Glossop. Abu na ƙarshe shi ne Clough Edge, siririyar hanya a bakin kwarin Torside, rami mai zurfi a damanku, duwatsu da saiwoyi a ƙarƙashin ƙafa, ga gwiwa ta riga ta mutu. Wannan kilomita biyu zuwa ukun ne nake so ku yi da hasken rana, kuma saboda su na ce awa huɗu.

Game da sanyi, akwai abin da mu 'yan ƙasar zafi ba mu zo da shi a jiki ba. Mun san zafi, mun san ƙishirwa, jikinmu na gaya mana tun da wuri. Sanyin da muka sani na hunturu ne, busasshe, ka ƙara bargo ka sha kunu ya wuce. Wanda ke kisa a nan jiƙaƙƙe ne, kuma ba ya buƙatar ƙanƙara. A watan Maris na 1964, a wata gasar tafiya ta 'yan sikawut da ake kira Four Inns, samari uku, masu shekara 19 da 21 da 24, sun mutu a wannan yankin na Bleaklow da Snake. Ruwan sama da iska ne suka galabaitar da su. Likitan da ya binciki lamarin, Griffith Pugh, wanda ya yi aiki da tawagar da ta hau Everest a 1953, ya nuna cewa tufafin da suka jiƙe, in iska na kaɗa su, kusan duk ɗuminsu ke tafiya, kuma mutumin da ya gaji har ya rage sauri ba ya iya haifar da zafin da zai cike giɓin. Bayan wannan musiba ne aka haɗa ƙungiyoyin ceto na yankin a ƙarƙashin tsari ɗaya. Ka lura da shekarunsu. Sa'o'inku ne.

Saboda haka wandon jins da rigar auduga su zauna a gida, har da singileti. Auduga in ta sha ruwa ba ta bushewa a jiki. Rigar ƙwallon da kake bugawa da ita ta fi ta sau goma a matsayin ta ciki. A kanta riga mai ɗumi mara nauyi, sannan rigar ruwa ta gaske mai hula, da wandon ruwa, ba irin jaket ɗin zuwa lacca da ke jure yayyafin minti goma ba. Wata rigar ɗumin kuma a naɗe cikin leda a ƙasan jaka, ba a taɓa ta sai an tsaya. Hular sanyi, safar hannu biyu don ɗaya za ta jiƙe, safar ƙafa ta ulu. Takalmi mai wuya da ƙasa mai haƙora, wanda ka riga ka yi tafiya da shi. Sabon takalmi zai yi maka bororo tun kafin Kinder Low. In kuɗin ɗalibi bai kai ba, ƙungiyoyin masu yawon duwatsu na jami'o'i sukan ba da aron kaya, ka tambaya. Alamomin da za ku lura da su a jikin juna su ne karkarwa, tuntuɓe a inda ba dutse, magana na sarƙewa, mutum ya kasa zuge zif, ko ya fara faɗa ba dalili. Wanda abin ya kama shi ne na ƙarshen sani. Ku tsayar da shi a inda iska ba ta bugu, ku ƙara masa riga, ku ba shi shayi mai sukari da abinci, ku raba shi da ƙasa mai sanyi ko da da jaka ce.

Taswirar da kuke buƙata ita ce ta Ordnance Survey mai lamba OL1, ta takarda, a cikin leda, da kamfas, da mutum aƙalla ɗaya da ya gwada amfani da su kafin ranar. Waya na da amfani ƙwarai in an sauke taswirar a cikinta tun daga gida, amma sanyi na shanye batir, jiƙaƙƙen gilashi ba ya jin yatsa, kuma sabis na ɗaukewa a cikin kwaruruka. Ku sa waya ɗaya a yanayin jirgi ku adana ta don larura. Kowa da tocilarsa ta goshi, ba fitilar waya ba. Hasashen yanayi kuma ba na Manchesta za ku duba ba: Met Office, hukumar yanayi ta Birtaniya, na fitar da na tuddan Peak District, wato yankin da za ku bi, daban, haka ma MWIS, masu hasashen yanayin kan duwatsu. Ku duba ƙarfin iska a kan tudu da tsayin da gajimare zai sauko. In an ce zai sauko ƙasa da mita 600 yini guda, to a cikinsa za ku wuni. In an ce iska za ta kai mil 40 a awa, ku ɗage tafiyar, bakin Kinder ba wurin rangaji ba ne.

Abinci, ku ɗauki fiye da yadda kuke zato, kuma irin wanda ake ci a tsaye da safar hannu: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli in wani ya zo da shi daga gida, burodi da ƙwai, cakulan. A ci kaɗan-kaɗan duk awa, kada a jira yunwa. Ruwa lita biyu kowa, da filas na shayi. Daga Edale har ku sauka babu famfo, ruwan ƙoramun kuma tumaki sun riga ku. Cikin sanyi mutum ba ya jin ƙishi, sai ciwon kai da ɗaurewar jijiya su sanar da shi, to ku sha ko ba ku so. Kada kowa ya ɗora azumin nafila a ranar. Azahar a wannan lokacin na shiga ne wajen ƙarfe 1 saura kaɗan, ko 12 saura in an canja agogo, wato daidai lokacin da kuke kusa da Snake Pass, sai ta haɗu da hutun da za ku yi dama. Ku yi alwala a Edale ku yi ƙoƙarin riƙe ta, don cire takalmi a wanke ƙafa a iskar tudu ba ƙaramin aiki ba ne. Alƙibla daga nan tana wajen digiri 118, kudu maso gabas, kamfas ɗin da ke wuyanka zai nuna maka. Rigar ruwa ta ishi shimfiɗa, amma a sa wata rigar tukuna. Batun shafa a kan huffi ko haɗa salloli, ku tambayi malaminku tun kafin ranar.

Ku bar wa wani a gari bayanin hanyarku, da mafitan nan biyu, da lokacin da in bai ji daga gare ku ba zai ɗaga waya. In abu ya faru, a kira 999, a nemi 'yan sanda, sannan a ce ana son masu ceto na kan dutse. 'Yan sa-kai ne daga Edale da Hayfield da Glossop, ba sa karɓar ko kwabo, kuma sun fi son a kira su da sauran haske a kan a kira su tsakar dare. Na faɗi haka ne don na san halinmu: baƙo na tsoron kiran hukuma, yana tunanin biza da caji, sai ya yi ta jinkiri. Ku tura kalmar register zuwa 999 ta saƙon tes tun yau, ku bi umarnin da za a maido muku, domin wani lokaci tes na fita inda kira ya ƙi shiga. Usur ma a jaka: busa shida, a dakata minti ɗaya, a sake. Kuma ku ukun nan tafiyarku ɗaya, saurin na baya shi ne saurin kowa. Kada mai ƙarfi ya ce zai yi gaba ya jira ku a sama.

Ƙwallon da kuke bugawa ta ba ku huhu, amma minti 90 ne a fili mai laushi, ba jaka a baya. Awa tara a kan dutse da laka wasu jijiyoyin take nema, musamman a gangara. Kafin ranar, ku je Edale sau ɗaya ku yi rabin aikin: ku hau Jacob's Ladder, ku kai Downfall, ku sauka Hayfield ta William Clough, da kayan da jakar da za ku ɗauka ranar gaske. Ku duba awa nawa ta ci ku daga tasha zuwa Ashop Head, ku ƙara awa ɗaya da rabi, kun san lokacin da za ku isa Snake Pass ke nan. A hanya ku fito da kamfas ku gwada shi alhali kuna ganin inda za ku, ku ga wane ne takalminsa ke cizo, wane ne rigarsa ke yoyo. In kun dawo ka rubuto mini lokacin da kuka yi, da yadda gwiwoyinku suka kwana, sai mu tsayar da ranar.